Abin da Yaro Ya Bari a Gida: Daga Berlin Zuwa Degel

Yaron da ke zaune a ajin firamare a Lambara, cikin ƙaramar hukumar Shagari, ba ya buƙatar guzuri kafin ya isa Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna na wasu shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815. Haka ma Bodinga, inda ƙanen Shehu, Abdullahi, ya kafa gidansa. Idan yaron ya yi dace da malami mai himma, zai haddace cewa an yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, an gwabza a Tafkin Kwatto a wannan shekarar, Alkalawa kuma ta faɗi a 1808. Abin da da wuya a gaya masa shi ne cewa cikin wancan ayarin akwai sa'o'insa, yara 'yan shekara tara da goma, waɗanda suka shafe shekaru suna tashi daga zango zuwa zango kafin iyayensu su sauke kaya a wannan yanki da shi yake wasa a cikinsa yau. Ya san sunayen kwamandoji, amma ba a taɓa nuna masa tafiyar ta idon wanda tsayinsa bai kai sirdin doki ba.

Akwai al'ummar da ta cike irin wannan giɓi da gangan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, marubuta a Turai da Amurka sun gina wani reshe na adabin yara wanda aikinsa shi ne ba da labarin iyalan Yahudawa da suka tsere wa zaluncin 'yan Nazi, ta bakin yaro ko ta idonsa. Tarihin wannan reshe, da nasararsa da kurakuransa, yana da abin da zai faɗa wa ƙasar da aka kafa daularta a kan hijira, wadda kuma har yau 'ya'yanta ke barin gidajensu da tsakar dare.

Zomon da aka bari a Berlin

A watan Fabrairun 1933, makonni kaɗan bayan Adolf Hitler ya zama shugaban gwamnatin Jamus, aka tsegunta wa Alfred Kerr cewa ana shirin ƙwace fasfonsa. Kerr Bayahude ne, fitaccen mai sharhin wasannin kwaikwayo a jaridun Berlin, wanda ya daɗe yana caccakar 'yan Nazi a fili. Bai tsaya wata-wata ba ya tsallake iyaka. Matarsa da 'ya'yansu biyu suka fice zuwa Suwizalan ana gab da zaɓen ranar 5 ga Maris. A watan Mayu littattafansa suna cikin waɗanda aka cinna wa wuta a bainar jama'a. Daga Suwizalan iyalin suka koma Paris, a 1936 kuma suka yada zango a Landan, cikin talaucin da ba su taɓa sani ba.

'Yarsa Judith tana da shekara 9 lokacin da suka bar Berlin. Sai bayan shekara 38, a 1971, ta mayar da abin da ya same su ƙagaggen labari don yara. Abin da ya zaburar da ita kuwa ƙarami ne: ɗanta ya kalli wani fim na Amurka da ya ƙawata gudun wani iyali daga Ostiriya da waƙe-waƙe, ya ɗauka cewa haka ƙuruciyar mahaifiyarsa ta kasance. Ta fahimci cewa idan ba ta faɗa da bakinta ba, wani zai faɗa a madadinta, kuma ba daidai ba.

Sunan littafin When Hitler Stole Pink Rabbit, wato lokacin da Hitler ya sace zomo ruwan hoda. An ce wa tauraruwar labarin, Anna, ta zaɓi abin wasa guda cikin nata, don akwati ba zai ɗauki duka ba. Ta ɗauki sabon karen wasa, ta bar tsohon zomonta na ƙyalle, da zaton rabuwar ta 'yan kwanaki ce. Hukuma ta ƙwace gidan da duk abin da ke cikinsa.

Hikimar tana cikin ƙanƙantar abin da aka rasa. 'Yan Nazi sun kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, daga cikinsu yara wajen miliyan ɗaya da rabi. Kan yaro ba zai iya ɗaukar wannan adadi ba, na babba ma da ƙyar. Amma kowane yaro ya san zafin rabuwa da abin da yake kwana da shi a hannu. Ta wannan ƙaramar ƙofa Kerr ta shigar da mai karatu cikin sauran: shiga aji inda ba ka jin ko kalma ɗaya, ganin uba mai suna ya rasa mai sayen rubutunsa, ganin uwa tana ƙirga 'yan kuɗi kafin ta saya wa ɗa takalmi. Fassarar Jamusanci ta ci babbar lambar adabin matasa ta Jamus a 1974, ta kuma shiga makarantu, inda 'ya'ya da jikokin mutanen wancan zamani suka karanta ta.

Idon maƙwabci, da haɗarin ƙarya

A 1989 Ba'amurkiya Lois Lowry ta kalli al'amarin ta wata kusurwa a littafinta Number the Stars, wanda ya ci lambar Newbery a 1990. Ta gina shi a kan abin da ya faru a Denmak a watan Oktoban 1943, lokacin da labari ya fita cewa Jamusawa za su kwashe Yahudawan ƙasar, sai talakawa suka ɓoye maƙwabtansu, masunta kuma suka tsallakar da fiye da mutum 7,000 zuwa Suwidin cikin jiragen kamun kifi. Tauraruwar Lowry ba Bayahudiya ba ce. Yarinya ce 'yar shekara 10 wadda ƙawarta ke cikin haɗari, iyayenta kuma suka ɗauki ƙawar a matsayin 'yarsu a gaban sojoji. Littafin Kerr yana koya wa yaro tausayin wanda ya gudu. Na Lowry yana ɗora masa tambaya mafi nauyi: ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, me gidanku zai yi?

Wannan reshe bai tsira daga tuntuɓe ba. Littafin John Boyne na 2006, The Boy in the Striped Pyjamas, ya sayu ƙwarai har aka yi fim ɗinsa, amma masana sun soke shi saboda ya ƙirƙiro abotar ɗan kwamandan sansani da yaron da ke tsare, suna hira ta jikin waya yadda ba zai yiwu ba a Auschwitz, ya kuma karkatar da hawayen mai karatu zuwa ga iyalin azzalumi. A 2020 gidan tarihin Auschwitz da kansa ya shawarci masu koyo da koyar da wannan tarihi su guje shi. Darasin a bayyane yake: marubuci yana da 'yancin ƙirƙiro yaro da sunansa da abin wasansa, amma ba shi da 'yancin sauya yadda zaluncin ya gudana.

Ina ruwan Bahaushe?

Mai karatu zai iya cewa wannan lamari ne na Turawa da Yahudawansu. Tarihi bai goyi bayan wannan nisantawa ba. Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa shahararriyar nasiha kan mulki, ya taso ne daga Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau. Kafin tahowarsa ya jagoranci yunƙuri a kan Yahudawan da suka daɗe suna kasuwanci da sana'a a can. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, yana ganin shari'a ta ba su kariya, har aka nemi fatawar malaman Fas da Tilimsan da Tunis, su ma suka rarrabu. A ƙarshe, wajen 1492, aka rushe wurin ibadar Yahudawa na Tamantit, aka kashe wasu, sauran suka watse. A wannan shekarar ce kuma sarakunan Sifen suka kori Yahudawan ƙasarsu, da yawansu suka sami mafaka a ƙasashen Musulmi, a Maroko da daular Turkawa. Wato duniyar da Kano da Katsina suke cikinta ta taɓa zama mai kora, ta kuma taɓa zama mai ba da masauki, a zamani guda.

Wani kuma zai ce, to Falasɗinawa fa? Tambayar tana kan hanya, amsarta kuma tana ƙarfafa batun ne. Ghassan Kanafani yana da shekara 12 lokacin da iyalinsa suka gudu daga Akka a 1948. Ɗaya daga cikin gajerun labaransa mafiya shahara, wanda ya ba tarin da ya fito a farkon shekarun 1960 suna Ard al-Burtuƙal al-Hazin, wato ƙasar lemo mai baƙin ciki, yaro ne ke ba da shi, yana kallon manya suna kuka a kan lemon da suka saya a bakin hanya kafin su shiga Lebanon. Zomon Kerr da lemon Kanafani aiki ɗaya suke yi. Wannan dabara ba mallakar wata al'umma ba ce, ta duk wanda aka raba da gida ce.

Yarinyar Degel

Ƙasar Sakkwato tana da tata yarinyar. An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu a 1793, saboda haka ba ta wuce shekara 11 ba a watan Fabrairun 1804, daidai da Zulƙida 1218, lokacin da jama'ar mahaifinta suka bar Degel. Tsamin dangantaka da fadar Gobir ya daɗe yana taruwa. Sarki Nafata ya kafa dokokin da suka taƙaita wa'azi, suka hana rawani da lulluɓi, suka kuma hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi. A zamanin ɗansa Yunfa aka auka wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, aka kamo mutane, da aka biyo da su ta kusa da Degel sai mutanen Shehu suka kwance su. Daga nan zama ya gagara. Aka ɗora littattafai a kan raƙuma, da taimakon Aliyu Jedo da wani malamin Buzaye mai suna Agali, aka nufi Gudu, wurin da sunansa a kunnen Bahaushe ya yi daidai da abin da ya kai su.

Gudu ba ta zama ƙarshen tafiya ba. Bayan nasarar Tafkin Kwatto a watan Yuni, sai mummunar asarar Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda malamai da mahaddata da yawa suka kwanta dama. Yunwa da cuta suka bi ayarin zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara, daga can zuwa Gwandu a 1805, inda saura ƙiris maƙiya su murƙushe su bayan yaƙin Alwasa. Sai da Alkalawa ta faɗi a 1808 aka sami sararin gina Sakkwato da zama a Sifawa. Yarinyar da ta bar Degel tana wasa, a hanya ta girma har ta yi aure.

Kamar Judith Kerr, Asma'u ta waiwayi tafiyar bayan fiye da shekara 30. Ta tsara ta cikin waƙar Fulatanci mai suna Filitago, wadda daga baya aka mayar da ita Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Ita ma don koyarwa ta yi ta, kuma ƙungiyar 'Yan Taru da ta kafa, ta hannun jajis masu sanye da malfa, ita ce ta riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ga mata da 'yammata a ƙauyuka. Amma manufarta dabam ce. Ta jera zangogi da yaƙe-yaƙe da darajojin Shehu da Muhammadu Bello, don a riƙe asali a kuma yi koyi. Ba ta sa kanta a tsakiyar labarin ba, domin adabin zamaninta bai tanadi wannan kujera ga yaro ba. Haka Infaƙul Maisuri na Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi: sun adana tarihin da kyau, amma daga kan doki. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, sai dai akwai abin da yaro ke gani a ƙasa wanda na kan doki ke wucewa bai lura ba.

Masu gudu ta ɗaya hanyar

Littafin yara na gaskiya a kan wannan zamani zai ci karo da abin da ya fi wuyar faɗa. Nasarar waɗanda aka kora ta haifar da wasu korarru. Gidan sarautar Katsina da mabiyansa suka yi arewa suka kafa Maraɗi. Gobirawa suka watse bayan Alkalawa, daga baya suka kafa Tsibiri a kusa da Maraɗi. Sarakunan Zazzau na Haɓe suka yi kudu, har suka kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. A kowane ɗayan waɗannan ayari akwai yarinyar da aka tashe ta da asuba aka ce ta ɗauki abin da hannunta zai iya. Tsoronta bai gaza na Asma'u ba. Ga kuma waɗanda ba su sami damar gudu ba, aka kama su aka sayar.

Bayan shekara 99 abin ya juyo kan jikokin masu nasara. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da niyyar hijira, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi, maza da mata da yara. Ranar 27 ga Yuli aka kashe shi a Burmi, a ƙasar Gombe. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Yaron da ya taka daga Sakkwato zuwa can ya yi tafiyar da ta ninka ta Berlin zuwa Landan, kuma da ƙafa.

Shekarar 1933 a Zariya

A shekarar da iyalan Kerr suka bar Berlin ne Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar da ta haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai Jiki Magayi na John Tafida da East. An yi su ne don 'yan makaranta su sami abin karantawa. Biyu daga ciki sun taɓa tarihi. Ganɗoki ya fara da yaƙi da Turawa, amma ta bakin jarumi mai kirari, sannan ya zarce duniyar aljanu. Shaihu Umar ne ya fi kusa da abin da ake magana: yaro da aka sace aka sayar, aka ƙetara Sahara da shi, da uwa da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Tafawa Ɓalewa ya nuna tun a lokacin cewa Hausa za ta iya ɗaukar irin wannan nauyi. Sai dai Umar dattijon malami ne ke tuna baya a gaban ɗalibansa, kuma hanyar da littafin ya share ba ta sami mabiya da yawa ba. Adabin da ya bunƙasa a Kano daga shekarun 1980 ya fi karkata ga soyayya da zaman aure, don manya da matasa.

A nan yankin ma an san amfanin rubuta wa yara. Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta a ƙarshen shekarun 1940, ya tsara Waƙar Nijeriya don ɗalibai su riƙe labarin ƙasa da tarihi a ka. Ya bi sawun Asma'u ne, ya koyar da waƙa. Waƙa tana sa a haddace sunan gari da shekara. Ƙagaggen labari kuwa yana sa yaro ya kwana cikin fatar wani, ya ji ƙishinsa, ya ji kunyarsa ranar da ya fara roƙon ruwa a ƙofar baƙi.

Abin da ke jira

Rashin irin wannan littafi ba ƙaramar asara ba ce a yau. Tun daga 2019 dubun dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar don tsere wa 'yan bindiga, wato suka bi hanyar da Katsinawa da Gobirawa suka bi fiye da shekara 200 da suka wuce. Wasu sun cika Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo. Kufan Alkalawa yana cikin ƙasar Sabon Birni. Gudu kanta, mafakar 1804, tana cikin yankunan da 'yan Lakurawa suka addaba. Yaron Lambara zai iya samun kansa a benci ɗaya da wanda ya baro garinsu da dare, ba takalmi, ba allo. Abin da zai kira shi da shi, ɗan'uwa ko ɗan gudun hijira da baki a karkace, ya dogara ƙwarai da labaran da aka ba shi tun da wuri. Shi kuma baƙon yana buƙatar ya san cewa 'yar Shehu ma ta taɓa zama a inda yake zaune.

Kayan aikin suna nan. Rubuce-rubucen Bello da Abdullahi da Asma'u da Waziri Giɗaɗo sun adana hanya da zango da yanayi. Waziri Junaidu ya tattara tarihin, Jean Boyd ta bi diddigin rayuwar Asma'u a littafinta na 1989, akwai kuma tsofaffi a Tsibiri da Maraɗi da Mai Wurno masu riƙe da abin da kakanninsu suka gaya musu. Abin da ya rage shi ne marubucin da zai riƙe sharuɗɗan da waɗancan littattafai suka koyar da gumi: ya bar tarihi yadda yake, ya ba yaron kowane ɓangare zuciya irin ta mutum, ya kuma nemo ƙaramin abin da aka bari a baya. A Berlin zomo ne na ƙyalle. A Degel mai yiwuwa ɗan akuya ne da aka ɗaure a turke, da yarinyar da ta yi ta waiwaye tana jin kukansa har ayari ya sha kwana.